Gini ya kai linta: rijiya, sokawe, tagogi da rufi, me zan gyara kafin filasta?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin masana. Ina ɗan gini a bayan Ɗanbare nan Kano, fili ƙafa 50 da 75, ɗaki 3 da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa, sai kicin da sito. An zuba linta. Birkila ya matsa min in kawo kuɗin katako da kwano a rufe kafin damina, amma abu uku sun tsaya min a rai. Akwai rijiya da na haƙa tun farkon aiki a kusurwar gabas, da ita muke ginin, kuma ita nake so gida ya ci gaba da amfani da ita, to ina zan kai sokawe? Sannan tagogi ya bar su ƙafa 3 da 3, guda ɗaya a kowane ɗaki, wai saboda ɓarayi da ƙura. Na ƙarshe, uwargida ta dage sai irin rufin nan na yayi da ake ɓoye kwano a bayan bango. A taimaka don Allah, kuɗin malamin makaranta ne, ba za su jure a rushe a sake ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa a gama lafiya, ya sa a shiga a sa'a. Tambaya biyu tukuna. Lintar zagaye aka yi maka, ko a kan kowace ƙofa da taga kawai aka zuba? Kuma idan an yi ruwan sama, ta ina filin yake gangara?

Baban Ummi: Amin Injiniya. Zagaye ce, ta bi duk bangon. Ruwa yamma yake bi, wajen titi. Ƙofar gidan ma yamma take kallo.

Injiniya: To ka taki sa'a biyu. Rijiyarka tana tudu, sokawe kuma zai tafi gangare, haka ake so, don ruwan ƙarƙashin ƙasa ma yawanci gangaren yake bi. Kai shi can kusurwar yamma, wadda ta fi nisa da rijiyar. Amma ba zan ɓoye maka ba: tazarar da aka fi ba da shawara tsakanin rijiya da ramin ƙazanta mita 30 ce, wato kusan ƙafa 100. Filinka ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka ja igiya, ƙafa 90 za ka samu, kuma ba za ka manna rami a jikin katanga ba. Ke nan ba za ta cika ba. Abin da ya fi wannan damuna ma shi ne maƙwabcinka na baya. Shi ina ya haƙa nasa? Je ka duba da idonka.

Oga Famfo: Bari in ɗora daga ɓangarena, don a nan mutanenmu suka fi yin ganganci. Abin da aka saba, a haƙa ƙaton rami ɗaya, a jera bulo ana barin ƙofofi, a zuba kankare a rufe, a ce an yi sokawe. Wannan masai ne kawai da murfin siminti, duk abin da ya shiga ɗanyensa yake tsuma cikin ƙasa. Yadda ake so ramuka biyu ne. Na farko tanki ne da ba ya yoyo: ƙasansa kankare, bangonsa bulo inci 9 da aka cika cikinsa, a shafe shi da filasta mai kyau, a raba shi gida biyu. Nan ƙazanta take kwanciya ta ruɓe, ruwan da ya taso ya tsallaka gida na biyu. Bututun fita ya yi ƙasa da na shiga da inci 2 zuwa 3, kowanne a sa masa ti, wato mahaɗar bututu mai siffar harafin T, don kada abin da ke yawo a sama ya bi. Daga nan ruwan ya wuce rami na biyu, shi ne ainihin sokawe, shi ake bar wa ƙofofi ƙasa ta shanye. A bar bakin kwashewa mai murfi inda tiyon motar kwasa zai kai daga titi ba sai an ratsa falo ba.

Alhaji Mai Gidaje: Oga Famfo kana son cin kuɗin bawan Allah ne kawai. Ni gidajen haya nake ginawa ba yau ba, rami ɗaya nake yi mai zurfi, ban taɓa jin wani ɗan haya ya mutu ba. Mutum yana lissafin kuɗin kwano kuna ƙara masa rami.

Oga Famfo: Ranka ya daɗe Alhaji, zurfin nan da kake alfahari da shi shi ne matsalar. Duk yadda ka ƙara nutsa ramin, ƙara kusantar ruwan da rijiya take sha kake yi. A watan Agusta ruwan ƙasa yana tasowa, a wasu unguwanni ka haƙa ƙafa 10 ka tarar da shi. Ramin da ya taɓa ruwa ba shanyewa yake ba, gauraya yake. Kuma rami ɗaya da ƙazanta ke shiga kai tsaye, bayan 'yan shekaru maiƙo da laka sun toshe ƙofofinsa, sai ka ga kullum ana kiran motar kwasa. Kuɗin da ka ƙi kashewa sau ɗaya 'yan hayarka suna biyansa duk shekara.

Ɗan Haya: Mu dai a gidanmu tsakanin rijiya da masai taku biyar ne, kuma ga mu nan garau. Cikin talaka ya saba.

Sista: Ɗan Haya, ka zo asibiti da damina ka ga cikin talakan da ya saba. Taifod da amai da gudawa ta ruwan da ƙazanta ta taɓa suke shiga, kuma yara ƙanana suka fi kayarwa. Ruwa ya yi fari tas ba shi ne tsabta ba. Malam, in dai tazarar ba ta cika ba, ruwan rijiyar nan a tafasa ko a sa masa maganin kulorin kafin a sha. Kuma a kai shi a gwada, da rani sau ɗaya da tsakiyar damina sau ɗaya.

Baba Magini: Yaro, rijiyar ma ka gyara ta. A sa mata ringi na siminti, a toshe tsakanin ringin sama-sama da kyau don ruwan tsakar gida kada ya silale ciki. A ɗaga bakinta ya kai gwiwa ko ya fi, a yi mata daɓe zagaye mai gangara waje, a yi murfi mai kwaɗo saboda yara. Guga kuma a rataye shi, ba a yar a ƙasa kaji su bi ta kai ba. Sannan murfin ramin can, a sa rodi isasshe, kuma kada ka mai da shi wurin ajiye mota. Tururin ciki yana cin rodi a hankali, daga sama ba ka ganin komai sai ranar da ya rufta.

Oga Famfo: Kuma duk abin da ya faɗa ciki, ko waya ce, kada a tura yaro ya shiga. Iskar cikin ramin nan tana sumar da mutum nan take, wanda ya bi don ya ceto shi ma ya faɗi. Kada kuma a leƙa da ashana ko sigari, tana kamawa da wuta.

Alaramma: Kafin mai famfo ya kafa bututu, a lura da alƙibla. Kada mazaunin banɗaki ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya, a karkata shi kudu ko arewa. Malamai sun yi sassauci a cikin gini, amma tunda ba a riga an dasa ba, fita daga saɓani ba ya cin ko sisi.

Baban Ummi: Allah ya saka Alaramma, wannan ban kawo shi a rai ba. Oga Famfo, birkila cewa ya yi a bari a gama filasta, daga baya mai famfo ya zo ya fasa inda yake so.

Oga Famfo: Inna lillahi. Wannan ita ce maganar da take ba ni ciwon kai. Ya gama shafe bango sumul, ni in zo da guduma da kurfi in farfasa, a sake faci, facin kuma ya tsage bayan fenti. A'a. Bayan rufi, kafin filasta, mai famfo da mai lantarki su shiga su gama nasu. Ga abin da za ka tsaya a kai da kanka, ko da kuwa ba ni zan yi aikin ba.

Bututun ƙazanta inci 4, mai kauri, ba mai laushin nan da kake matsawa da hannu ya lotsa ba. Ya riƙa gangara kamar inci 1 a kowace ƙafa 4, a auna da lebur, ba da ido ba. Duk inda layi ya yi kwana ko biyu suka haɗu a waje, a yi ƙaramar camba mai murfi, ranar da ya toshe nan za a zura sanda. In zai yiwu banɗakunan nan uku su jingina da bangon waje, bututu ya fita kai tsaye, kada ya ratsa ƙarƙashin tayil ɗin ɗaki.

Na ruwan sha kuma, layin da ruwan zafi zai bi a sa PPR, koren nan da ake haɗawa da injin ƙonawa. PVC na gam ba ya jure zafi, daga wajen digiri 60 ya fara laushi, mahaɗarsa ta saki a cikin bango. In an gama, a toshe duk bakuna, a cika layin da ruwa a matsa shi, a bar shi ya kwana, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da hannu. Sai ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka kafin a rufe. Ranar da kafinta zai buga ƙusar madubi za ka gode min. Kowane banɗaki kuma a yi masa makunninsa daban, don in famfo ɗaya ya lalace ba sai an kashe ruwan gida duka ba.

Maman Khalifa: Oga Famfo, ni tambayata wari. Gidanmu banɗaki a cikin ɗaki yake, ana wankewa kullum, amma da sanyin nan sai wani wari ya riƙa tasowa, musamman a ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba.

Oga Famfo: Hajiya, ba rashin wanki ba ne. Ƙarƙashin kowace magudana akwai ɗan lanƙwasa da ruwa ke kwanciya a ciki, ruwan nan shi ne yake tare iskar rami. Da hunturu iska a bushe take, ɗakin da ba a amfani da shi ruwan sai ya ƙafe, hanya ta buɗe. Ki riƙa zuba kofi biyu a magudanar ƙasa da ta wanke hannu duk mako. In bai daina ba, to ko dai ba a sa lanƙwasar ba tun farko, ko babu bututun numfashi. Malam, kai ma ka riƙe wannan: layin ƙazanta yana buƙatar bututu da zai miƙe ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro. Masu yanke shi daidai taga suna dawo maka da warin ɗaki ne kawai.

Ɗan Haya: To mu da shawa take ɗiga kamar mai rowa fa?

Injiniya: Tsayin tanki ne. Ƙarfin ruwa ba daga girman tanki yake zuwa ba, daga tazarar da ke tsakanin ruwan tankin da kan shawa yake zuwa. Tankin da gindinsa yake daidai da saman taga ba zai ba ka komai ba ko lita nawa yake ci. A ɗaga shi ya wuce kan shawa da aƙalla mita 2 zuwa 3, a sauko da bututu mai faɗi, inci 1 ko fiye, sai a kusa da famfo a rage. Amma a kula da abin da zai ɗauke shi: lita 1,000 na ruwa kilo 1,000 ne. Tanki mai lita 2,000 in ya cika nauyin buhun siminti 40 ne a sama da kan yaranka. Ba aikin mai walda na bakin titi da ragowar ƙarfe ba ne. A yi masa 'yar rumfa kuma, in ba haka ba a watan Afrilu ruwan azahar ba ya taɓuwa.

Yanzu tagogi, wanda a ganina shi ne babban abin da za ka gyara a wannan makon. Taga ɗaya a ɗaki ba ta ba da iska. Iska sai ta sami ta inda za ta fita take shiga. Kowane ɗaki a nema masa buɗi a bango biyu, in sun fuskanci juna ya fi, in ba hali ko na gefe. Ɗauki ɗaki 12 da 12, faɗin filinsa murabba'in ƙafa 144 ke nan. Tagarka 3 da 3 murabba'in ƙafa 9 ce, in kuma mai zugewa ka sa, rabi kawai take buɗewa, saura 4 da rabi. Wannan ba ɗaki ba ne na garin da zafi ke kai digiri 40. Tunda lintarka zagaye ce, ana iya cire bulo a ƙasa da gefe a mai da su 4 da 4 ko 4 da 5 ba a taɓa ƙarfin gini ba, in dai ba a ci ginshiƙi ba. Ka sa masu buɗewa waje gaba ɗaya, da ƙarfe da raga.

Ka fi ba kudu da arewa manyan tagogi. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, rana kuma ba ta dukan waɗannan bangwaye kai tsaye kamar gabas da yamma. Yamma ita ce azaba, ranar la'asar tana shiga har gado, bangon ya riƙe zafin ya riƙa sako maka shi har tsakar dare. Tunda gidanka yamma yake kallo, yi baranda a gaba ta tare, ka dasa darbejiya, amma nesa da ramukan nan da bututu, saiwarta tana bin danshi.

Alhaji Mai Gidaje: Duk wannan lissafin boko ne. Ka buɗe manyan tagogi, maƙwabci mai bene yana kallon iyalinka, ɓarawo yana auna ƙarfe, hunturu ya cika maka gida da ƙura. Ƙaramar taga da AC, magana ta ƙare.

Baban Ummi: Alhaji, AC da wace wutar? Amma maganar sutura gaskiya ce, ita ma tana raina.

Baba Magini: Alhaji bai yi ƙarya duka ba, sai dai ya ɗauko rabi ya bar rabi. Iyayenmu ƙananan tagogi suke yi, can sama kusa da azara. Amma bangonsu na ƙasa ne, kaurinsa a gindi ya fi kamu biyu, rana ta wuni tana dukansa zafin bai ratso ba sai dare, lokacin kuwa an fito tsakar gida an shimfiɗa tabarma. Je ka Gidan Makama da tsakar rana a bazara ka shiga soro ɗaya ka zauna, ka ji da jikinka. Ku kuma kun ɗauki ƙaramar tagarsu kun manna a bulo mai rami da kwano a kai, kun cinye tsakar gidan da gini har katanga. Ba ku yi na da ba, ba ku yi na yanzu ba. In sutura ce, a sa gilashi mai duhun gani, ko a ɗaga tagar gefen maƙwabci ta zama doguwa a kwance can sama, tsayin mutum ba ya kai wa. Iska mai zafi ma dama sama take taruwa, ta nan za ta fita. Tun ran gini tun ran zane.

Na Maraɗi: Gaisheku mutanen Kano. Baba ya yi gaskiya. Nan wajenmu ba a bar ginin ƙasa ba. Masallacin Yama cikin jihar Tawa, da ƙasa Falke Barmu ya gina shi, har ya samu kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji ma sabon masallacin da anka yi da bulon jar ƙasa ne wanda inji ka matsewa, tsohon kuma anka maishe shi ɗakin karatu. Wanda bai fara gini ba ya duba wanga bulo. Shi Malam ya riga ya yi nisa, sai dai ya gyara sama.

Injiniya: Haka ne, saman shi ne inda yawancin zafin gida mai hawa ɗaya yake shigowa. Malam, kafin kafinta ya hau, ƙara layi 2 na bulo, silin ɗinka ya kai ƙafa 10 ko 11. Fanka ma ta fi aiki a haka. Kwano ka zaɓi mai haske, fari ko ruwan madara. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna da kyau a hoto, amma zafi suke sha. In da hali a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashinsa, a bar 'yar tazara. Abin da kusan kowa yake mantawa: tsakanin kwano da silin a bar wa iska hanya, ƙofofi a ƙarƙashin lebatun rufi da kuma can sama a gefe biyu, a rufe su da raga saboda jemage da tsuntsu. In ka toshe wurin nan ruf, zafin da ya taru ba shi da mafita sai ta silin zuwa kanka, ko POP ne ko PVC.

Rufin ɓoye kuwa, ni ban ba ka shawara ba. Duk ruwan rufin yana taruwa a kwata ta kankare a saman bangonka. Leda ɗaya ko ganye ya toshe mafita a ruwan Agusta, kwatar ta cika, ruwa ya koma ƙarƙashin kwano. Ana iya yinsa ya yi kyau, amma sai da ƙwararren ma'aikaci, da maganin hana yoyo, da manyan mafitai, da mai hawa yana sharewa kafin kowace damina. Ga shi ba ya yi wa bango inuwa. Rufin da ya zarce bango da ƙafa 2 zuwa 3 yana kare taga daga rana, yana kare filasta daga ruwa, musamman bangon gabas da hadari yake duka.

Baba Magini: Kuma a ɗaure rufin. Iskar farkon damina ita take yaye kwano. A bar rodi ko langa-langa tun daga cikin kankaren sama a naɗe katakon da shi, ba a dogara da ƙusa ba. Katakon a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Wani abu kuma da ban ji an tambaya ba: daɓen gidan ya ɗara titi? Don titi kullum tashi yake, duk gyaran da aka yi sai an ƙara masa ƙasa, gidaje da yawa a cikin gari yanzu gangarawa ake a shiga.

Baban Ummi: Ya ɗara da kamar layi 3 na bulo, Baba. An kuma shimfiɗa leda kafin a zuba daɓen.

Baba Magini: Madalla. Ledar nan ita za ta hana gindin bango yin jiƙo yana zubar da fenti.

Ɗan Jos: Ina ta karatu ina dariya. Ku duk yaƙi da zafi kuke. Mu nan kan tudu, sama da mita 1,200, in ka bi shawarar Injiniya ka buɗe ko'ina, a Disamba sai ka kwana da hula da safa. Mu tagar gabas muke so ranar safe ta shigo, da silin da ba ya da ɓula, da ƙofa mai rufuwa ruf, da kafet a kan tayil. Ku ma Kano kuna ɗanɗana sanyin Janairu ai. Ta yaya za a yi gida ya yi duka biyun?

Injiniya: Babu saɓani sosai. Babbar taga mai rufuwa da kyau kana iya rufe ta, ƙaramar taga ba ka iya faɗaɗa ta da dare ɗaya. Abin nema shi ne tagar da in an rufe ba ta barin iska ta silalo, a sa mata roba a gefe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka rufe wannan ɓangaren ka bar 'yar kafa a kudu. Silin mai kyau kuma aiki biyu yake, ya tare zafin kwano da rana, ya riƙe ɗumin ɗaki da dare. Ko a bazara ma, da tsakar rana rufe tagogi da labule ake, a buɗe su duka bayan magariba.

Sista: Tunda an zo maganar sanyi, don girman Allah a ji wannan. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Mutane suna cewa in ya gama hayaƙi ya zama jan garwashi ba komai. Wallahi a lokacin ma yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa ya ji. An fi yi wa masu jego da tsofaffi wannan gatan, a kai musu kasko a toshe ko'ina, jariri kuma shi ya fi saurin galabaita. In za a ɗumama ɗaki a yi da taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareta ma haka, ba a baranda ba, ba a lungun da taga take ba, a nisanta shi kamar ƙafa 20. In an tarar da mutum ya galabaita, a fito da shi sarari a nufi asibiti, iskar oksijin yake buƙata. Madara da manja ba sa yin komai, ɗura wa wanda ya suma ma shaƙe shi yake.

Oga Famfo: Sista ta gama magana. Ni kuma hitar wanka: layin wutarta daban daga allon rarraba wuta, da wayar ƙasa ta gaske, wadda take kare mutum daga jan wuta. Ɗan bawul ɗin da ke jikinta yana ɗiga lokaci-lokaci, aikinsa ke nan, a ja masa siririn tiyo zuwa magudana. Kada wani ya ce zai toshe maka shi don ya daina ɗiga, shi ne yake hana tukunyar fashewa. Ko ba za ka sayi hita yanzu ba, a ja layin ruwan zafi da na wuta a rufe bakinsu, kuɗinsa kaɗan ne a yanzu.

Maman Khalifa: Duk kun yi maganar ɗakuna, ba wanda ya tuna inda muke wuni. Malam, kicin a yi masa taga biyu, ɗaya a kan wurin wanke-wanke, da ƙaramar fankar jan hayaƙi a sama. Tukunyar gas a yi mata keji a waje a ratso da bututu, don gas in ya zubo ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba ta fitar da shi. A bar ɗan wuri a baya na murhu, ranar suna ko sallah ba a kan gas za a dafa tuwon mutum hamsin ba. Famfo ɗaya a tsakar gida na wanki, ɗaya kusa da ƙofa na alwalar baƙi. Kuma ka shiga da ita uwargidan ta nuna inda take son komai tun yanzu.

Baban Ummi: Na dawo daga filin. Injiniya, abin da ka ji tsoro shi ne. Maƙwabcin baya ramin masansa yana jikin katangarmu, na auna da igiya, bai fi ƙafa 20 da rijiyata ba, kuma rami ɗaya ne irin na Alhaji.

Injiniya: To ka cire ta daga lissafin ruwan sha da girki. Gini, wanki, ban ruwan shuka, ta wadatar. In Allah ya hore ka haƙa burtsatse, a nisanta shi da ramukan biyu iya yadda fili ya bari, a sa masa bututun kariya har ƙasa, a zuba siminti a toshe zagayen samansa. Shi ma sai an gwada ruwan.

Alhaji Mai Gidaje: Kun dai ƙara masa rami, kun ƙara bulo, kun fasa tagogi, yanzu ga burtsatse. Malam, in kuɗin kwano suka ƙare ka zo ina da ɗaki biyu babu kowa.

Baban Ummi: Alhaji na gode, amma a ina rijiyar gidan take? Oga Famfo, zan turo maka zanen ta akwatin sirri. Birkila na gaya masa gobe a fara buɗe tagogi, ya ɓata rai amma ya yarda. Saura rufi, uwargida ta ce ita ba ta ji hujjar da ta gamsar da ita ba.

Maman Khalifa: Irin rufin ne a gidanmu. Ka ce ta yi min magana, zan tura mata hoton kusurwar falona da na ɗauka bara da damina, da bokitin a ƙasa.